Africa Addio: Tarihin Fim Ɗin da Ya Yi wa Afirka Ban Kwana, da Mutum Biyun da Suka Shirya Shi

Gabatarwa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1966 aka fara nuna wani fim a gidajen silima na ƙasar Italiya, mai suna Africa Addio, watau "Sai Wata Rana, Afirka". Waɗanda suka shirya shi mutum biyu ne, Gualtiero Jacopetti da Franco Prosperi, kuma sun shafe wajen shekara uku suna yawo a gabashi da tsakiya da kudancin Afirka suna ɗaukar hotunan da suka harhaɗa shi da su. Fim ɗin ya ci kasuwa, ya sami lambar girma a ƙasarsa, ya kuma jawo bincike a kotu da zanga-zanga a titi. Har yau masu nazarin silima da masu nazarin tarihin Afirka ba su daina jayayya a kansa ba.

Wannan maƙala za ta bi tarihin fim ɗin tun daga asalin masu shi, da salon da suka ƙago, da abin da suka ɗauka a Zanzibar da Kwango, har zuwa martanin da aka mayar musu. Abin da ya sa batun ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, akwai masifu na gaskiya da suka auka wa mutanen Afirka waɗanda ba su da wani hoto mai motsi in ban da wanda ke cikin wannan fim. Saboda haka ba shi yiwuwa a yar da shi gaba ɗaya, ba shi kuma yiwuwa a karɓe shi yadda masu shi suka miƙo shi.

Jacopetti da Prosperi

An haifi Gualtiero Jacopetti a shekarar 1919 a garin Barga da ke lardin Toskana. Ɗan jarida ne tun asali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a mujallu, sa'an nan ya koma shirya gajerun finafinan labarai da ake nunawa kafin a sa babban fim. A nan ya goge wajen abu biyu da suka zama makaminsa daga baya, watau yanka hotuna a jera su yadda za su faɗi abin da ake so, da rubuta sharhi mai ba'a wanda ake karantawa a kan hotunan. Shi ya rubuta sharhin fim ɗin Alessandro Blasetti mai suna Europa di notte na shekarar 1959, wanda ya zagaya gidajen rawa na biranen Turai.

Shi kuwa Franco Prosperi mutumin Roma ne, ilmin dabbobi ya karanta, musamman halittun ruwa, kuma ya saba da tafiye-tafiye masu nisa da ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku tun kafin su haɗu da Jacopetti. Haɗuwarsu ta zama ta mai baki da mai sanin daji. Da farko su uku ne, har da Paolo Cavara, amma shi ya rabu da su kafin aikin Afirka. Attajirin da ya zuba kuɗi shi ne Angelo Rizzoli, mai kamfanin ɗab'i da na silima a Italiya. Antonio Climati ne ya riƙe musu kyamara, Riz Ortolani kuma ya tsara kiɗa.

Mondo Cane da salon da ya haifar

Fim ɗin da ya fito da su duniya shi ne Mondo Cane na shekarar 1962. Ma'anar sunan ita ce "duniyar kare", wata 'yar ashariya ce da Italiyawa kan yi in abu ya ishe su. Babu labari a cikinsa, babu 'yan wasa. Al'adu ne na sassan duniya aka tsinto aka jera su biyu-biyu domin ɗaya ta tona ɗaya. Alal misali, a nuna maƙabartar karnuka a Amurka inda mutane ke kuka a kan kabarin kare, nan take a tsallaka Asiya inda ake dafa kare a ci. An nuna masu dukan jikinsu har jini a wani ƙauye na kudancin Italiya ranar ibadar Kirista, da kunkurun teku da aka ce gwajin bam na nukiliya a tsibirin Bikini ya ɓatar musu da hanyar komawa ruwa, da mutanen Nugini waɗanda suka sassaƙa jirgin sama na itace suna jiran ya jawo musu kayan Turawa daga sama.

Fim ɗin ya shiga gasar Cannes ta shekarar 1962, waƙarsa mai suna More kuma ta shiga jerin waɗanda aka zaɓa domin lambar Oscar. Daga sunansa aka sami kalmar "mondo", wadda ta zama sunan wani jinsi na fim baki ɗaya: fim mai da'awar gaskiya wanda jarinsa shi ne abin mamaki da abin ƙyama da tsiraici da jini. A shekarar 1963 suka fitar da La donna nel mondo, kan matan duniya, da kuma Mondo Cane na biyu. A cikin na biyun akwai wurin da wani limamin addinin Budda ya cinna wa kansa wuta a Biyetnam. Abin ya faru da gaske a Saigon a shekarar 1963, amma wanda ke cikin fim ɗin kwaikwayo ne aka shirya, ba a kuwa gaya wa 'yan kallo ba. Wannan hali na cakuɗa gaskiya da shiri shi ne tabon da ya bi su har Afirka.

Abin da ke cikin Africa Addio

Tsawon fim ɗin ya kai kimanin minti 140, an ɗauke shi da launi, a kan faffaɗan majigi. Ya fara da saukar da tutar Ingila da ficewar Turawa daga Kenya, wadda ta sami 'yanci a watan Disamba na 1963. An nuna shari'ar 'yan Mau Mau, da Turawa manoma suna gwanjon kayansu, har suna tono ƙasusuwan matattunsu domin su tafi da su. Daga nan sai ya shiga gandayen namun daji, inda aka daɗe ana nuna yadda ake karkashe giwaye da dorina da barewa, wani lokaci da masu, wani lokaci da bindiga daga jirgin sama. Sai juyin Zanzibar, da boren sojojin Tanganyika, da kisan Tutsi a Ruwanda, da yaƙin Fotugal a Angola, da tawayen Simba a Kwango. Ya ƙare a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, wadda aka nuna ta a matsayin wuri mai tsari da arziki, ko da yake mai sharhi ya yi nuni da cewa igiyar ruwa na tafe.

Jeren nan da kansa hujja ne. Inda Bature ya fita sai jini, inda ya tsaya sai lumana. Ƙasashen da suka karɓi mulki ba tare da zubar da jini ba, da makarantu da jami'o'i da ma'aikatun da aka buɗe a waɗannan shekaru, ba su sami gurbi ba. Haka nan fim ɗin bai tsaya a kan tarihin Italiya kanta a Afirka ba, alhali ta mallaki Libiya da Eritiriya da Somaliya, ta kuma auka wa Habasha a shekarar 1935 har da amfani da iska mai guba.

Zanzibar

Zanzibar ta sami 'yanci daga Ingila ranar 10 ga Disamba 1963 a ƙarƙashin Sarki Jamshid bin Abdullah. Bayan wata ɗaya, ranar 12 ga Janairu 1964, wasu 'yan juyi ƙarƙashin John Okello, mutumin Yuganda, suka kifar da gwamnati, Abeid Karume ya zama shugaba. A kwanakin da suka biyo baya aka karkashe Larabawa da Indiyawa masu yawa, musamman a ƙauyuka. Masana tarihi sun saɓa ƙwarai a kan adadin waɗanda suka mutu, domin sabuwar gwamnati ta rufe tsibirin, ba a kuwa yi wani bincike a bainar jama'a ba.

Jacopetti da mutanensa sun tashi daga gaɓar Tanganyika. Da aka hana su sauka, sai suka ɗauki hoto daga sama. Abin da kyamara ta kama ya haɗa da mutane a jere ana kora su da bindiga, da manyan ramuka da aka haƙa, da jama'a da suka gudu bakin teku suna neman jiragen ruwa, sa'an nan washegari gawarwaki a warwatse a kan rairayi. Waɗannan hotuna su ne kaɗai hotuna masu motsi da aka sani na wannan kisa. Akwai waɗanda suka yi shakkar wasu sassansu saboda halin masu ɗaukar, akwai kuma zuriyar waɗanda suka tsira, musamman a Oman, da suke riƙe da su a matsayin shaidar abin da ya sami iyayensu. A nan ne matsalar fim ɗin ta fi fitowa fili: shaida mafi muhimmanci ta fito daga bakin wanda aka riga aka kama da ƙarya a wani wuri.

Boende da tuhumar kisa

Kwango ta sami 'yanci daga Beljiyam ranar 30 ga Yuni 1960, aka kashe firayim ministanta Patrice Lumumba a watan Janairu na 1961. A shekarar 1964, bayan janyewar rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda sojojin Nijeriya suka yi aiki a cikinta, 'yan tawayen Simba suka mamaye gabashi da arewacin ƙasar, har suka kama Stanleyville, garin da ake kira Kisangani a yau. Moise Tshombe, wanda ya zama firayim minista a watan Yuli na wannan shekara, ya ɗauko sojojin haya Turawa, ranar 24 ga Nuwamba kuma sojojin laima na Beljiyam suka dira a Stanleyville daga jiragen Amurka.

Jacopetti ya bi wata ƙungiyar sojojin haya zuwa garin Boende, ya ɗauki hoton yadda suka ci garin, da yadda suka fasa akwatunan kuɗi, da yadda aka harbe fursunoni a gaban kyamara. A watan Disamba na 1964 wani ɗan jarida, Carlo Gregoretti, wanda ya ziyarce su a Kwango, ya rubuta a mujallar L'Espresso cewa masu fim ɗin sun sa sojojin haya su jinkirta harbin wasu samari 'yan tawaye har sai kyamara ta shirya. Hukumar shari'a ta Roma ta buɗe bincike a kan Jacopetti bisa zargin hannu a kisan kai. Ya koma Kwango ya tattaro takardu da shaidu, a ƙarshe aka wanke shi.

Kotu ta amsa tambayar da doka ta ba ta ikon amsawa, watau ko shi ya ba da umurnin kisa. Akwai wata tambayar da ta rage. Mutumin da ya ci abinci tare da sojojin haya, ya hau motarsu, ya dogara gare su domin tsaron ransa, ba zai iya cewa kasancewarsa a wurin ba ta canza kome ba. Mai bindiga da ya san ana ɗaukarsa yakan yi abin da zai burge kyamara. Paolo Cavara, tsohon abokin aikinsu, ya fitar da fim a shekarar 1967 mai suna L'occhio selvaggio, watau "Ido Marar Imani", kan wani darakta mai jefa mutane cikin halaka domin ya sami hoto, kuma 'yan kallo a Italiya sun gane wanda ake nufi.

Aikin harshe a cikin fim ɗin

Ga mai nazarin harshe, abin lura a Africa Addio shi ne wanda ke magana da wanda aka hana magana. Tun daga farko har ƙarshe murya ɗaya ce ke fassara kome, ta mai sharhi. An ga dubban 'yan Afirka suna gudu, suna rawa, suna kisa, suna mutuwa, amma ba a zaunar da ko ɗaya aka tambaye shi dalilinsa ba. In sun yi magana da Suwahili ko Lingala, sai ta zama hayaniya a bayan kiɗa. Mai sharhin ya kamanta Afirka da ƙaton jariri baƙi wanda uwar goyonsa Turai ta yar tun bai iya tafiya ba. Wannan siffantawa ta yi kama da zargin Turai, amma a ƙarƙashinta akwai tsohuwar da'awar 'yan mulkin mallaka cewa baƙar fata yaro ne mai bukatar mai riƙo. Fim ɗin ya ga laifin Turai wajen saurin fita, bai ga laifinta wajen shigowa ba.

Kiɗan Ortolani ma ya yi nasa aikin. Kiɗa mai taushi da tausayi an fi ajiye shi domin dabbobi, kamar wurin da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki ɗan jakin dawa maraya rana tana faɗuwa, da kuma domin 'yan matan Turawa masu wasa a bakin teku a Afirka ta Kudu. Ta hanyar yanka da haɗi kuwa an riƙa sa kisan dabba kusa da kisan mutum har su zama abu ɗaya a idon mai kallo. Wannan dabara ta murya guda a kan hoton mutanen da ba su da ta cewa ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san majigin da gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa zagayawa da shi a garuruwan Nijeriya ta Arewa. Bambancin shi ne, majigi ɗan Afirka yake wa huɗuba, Africa Addio kuwa Bature yake ba labarin ɗan Afirka.

Martani

A Italiya fim ɗin ya sami lambar David di Donatello ta shekarar 1966, wadda aka ba Rizzoli a matsayin mai ɗaukar nauyi. A waje kuwa ya gamu da fushi. A watan Agusta na 1966 ɗalibai 'yan Afirka da takwarorinsu Jamusawa suka yi zanga-zanga a gidan silima na Astor da ke Balin ta Yamma, har aka janye fim ɗin, kuma masana tarihin Jamus suna lissafa wannan cikin abubuwan da suka share fagen boren ɗalibai na 1968. Wakilan wasu ƙasashen Afirka a Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ƙorafi a kansa. Da ya isa Amurka a shekarar 1967, mai sharhin finafinai Roger Ebert ya siffanta shi da rashin gaskiya da wariyar launin fata. A shekarar 1970 wani ɗan kasuwar silima, Jerry Gross, ya datse kusan duk bayanin siyasa da ke ciki, ya bar zallar jini, ya sake masa suna Africa Blood and Guts. Jacopetti da Prosperi sun barranta da wannan kwafi.

Ya kamata a tuna da abin da ke gudana a wannan shekara ta 1966. A cikinta ne wani Ba'italiye, Gillo Pontecorvo, ya ci babbar lambar gasar Banis da fim ɗinsa kan yaƙin 'yancin Aljeriya, wanda ya shirya tare da Aljeriyawa. A cikinta ne aka yi bikin fasahar baƙar fata na duniya a Dakar, Ousmane Sembene na Senegal kuma ya fitar da La Noire de..., kan wata 'yar aiki da iyayen gidanta suka tafi da ita Faransa. A Nijar, Mustapha Alassane ya fitar da Le Retour d'un aventurier, inda ya yi wa finafinan kaboyi ba'a. Ke nan a daidai lokacin da Jacopetti da Prosperi ke yi wa Afirka ban kwana, 'yan Afirka sun fara riƙe kyamara da hannunsu.

Addio Zio Tom da abin da ya biyo baya

Zargin wariyar launin fata ya dame su, saboda haka suka ƙudura yin fim da zai wanke su. Sakamakon shi ne Addio Zio Tom na shekarar 1971, kan bautar da baƙar fata a kudancin Amurka. A cikinsa sun nuna kansu kamar 'yan jarida da suka koma ƙarni na 19 da kyamara, suna zagaya jiragen bayi da kasuwanni da gonakin auduga. Sun ce sun dogara da rubuce-rubucen zamanin. Amma mafi yawan fim ɗin a ƙasar Haiti aka ɗauke shi, da yardar shugaba Francois Duvalier, wanda duniya ta san irin mulkin danniyar da ya yi. Ɗaruruwan talakawan Haiti, maza da mata da yara, aka tuɓe, aka ɗaure da sarƙa, aka cusa a keji domin kyamara. Da yawa daga masu sharhi suka ce wanda ya tashi la'antar wulaƙanci ya sake aikata shi. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Fim na ƙarshe da suka yi tare shi ne Mondo Candido na shekarar 1975, bai kuwa yi kasuwa ba, daga nan suka rabu. Prosperi ya yi wani fim kan namun daji da suka ɓalle a birni a shekarar 1984. Jacopetti ya koma aikin jarida, ya rasu a Roma a watan Agusta na 2011. Salon da suka ƙago ya ci gaba a hannun wasu, irin su Climati da 'yan'uwan nan biyu Castiglioni, waɗanda suka yi ta ɗaukar al'adun ƙabilun Afirka domin kasuwar Turai. A shekarar 1980 Ruggero Deodato ya fitar da Cannibal Holocaust, kan masu ɗaukar fim da ke ƙona ƙauye domin su sami hoto, Ortolani kuma ya yi masa kiɗa. A shekarar 2003 kamfanin Blue Underground ya sake fitar da finafinansu a faifai, tare da hira da su biyun mai suna The Godfathers of Mondo, inda suka nace cewa su masu ba da rahoto ne kurum. Tun daga nan finafinan suka sami wasu tsirarun masoya masu tsananin sha'awa, waɗanda ke yaba gwanintar hoto da kiɗa.

Kammalawa

Gwanintar tana nan, ba mai musunta. Kisan Zanzibar da na Ruwanda da na Kwango ma sun auku, kuma ɗan Afirka da ya musanta su domin ƙin Jacopetti ya zalunci waɗanda suka mutu. Ɓarnar namun daji ita ma gaskiya ce. Inda fim ɗin ya yi ha'inci shi ne wajen zaɓi da jere da sharhi: ya ɗauki 'yan shekaru mafi muni na wasu 'yan ƙasashe ya ce wannan ita ce nahiya, ya yanke dalilai, ya ɓoye hannun Beljiyam da Ingila wajen shuka gabar da ta fashe a Ruwanda da Zanzibar, ya kuma hana waɗanda abin ya shafa buɗe baki.

Saboda haka mai nazarin tarihi zai riƙi Africa Addio kamar yadda alƙali ke riƙon shaidar mutumin da ke da muradi a cikin ƙara. Zai saurare shi, domin ya halarci wurin. Zai kuma raba abin da idonsa ya gani da abin da bakinsa ya ƙara, ya auna kowane hoto da takardun zamanin da kuma bakin waɗanda suka tsira. Wannan aiki ya rataya a wuyan masanan Afirka, musamman masu jin harsunan da fim ɗin ya mayar hayaniya, domin su ne za su iya sauraron abin da mutanen cikin hoton suke faɗa.